Taifod: Asalin Kalmar da Ruɗanin da Ta Gada

A Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura a jihar Jigawa, kamar a sauran garuruwan arewa, da zarar damina ta kankama sai a riƙa jin magana ɗaya a bakin masu fitowa daga asibiti da kemis: “An gwada ni, an ce maleriya ce da taifod.” Cututtukan biyu sun zama Ɗanjuma da Ɗanjummai a kunnen jama'a. Wani zai ce taifod ɗinsa ce ta tashi, wata ta ce ita duk shekara sai ta yi, wani kuma ya haƙiƙance cewa maleriya ce idan ta daɗe a jiki take rikiɗewa ta koma taifod. Masu maganin gargajiya da ke yawo da lasifika ranar kasuwa su ma sun karɓi kalmar, suna jera ta tare da shawara da basir.

Yawancin waɗannan zantuka ba su dace da abin da ilimin likitanci ya tabbatar ba. Wani ɓangare na ruɗanin kuwa a cikin kalmar kanta yake. An ƙirƙire ta ne a zamanin da likitoci ke sa wa zazzaɓi suna bisa kamanninsa, kafin a san ƙwayar da ke kawo shi. Sai da aka shafe shekaru da dama kafin a ware ta ta zama sunan cuta guda ɗaya tak, kuma abin da ke faruwa a wurinmu yau komawa ne ga wancan tsohon yayi.

Me kalmar take nufi

Taifod kalmar aro ce daga Ingilishi, inda ake rubuta ta typhoid. A asalinta sifa ce, wato kalmar da ke bayyana kamannin abu. Gaɓa biyu aka haɗa aka same ta. Ta farko ita ce typhus, sunan wani zazzaɓi dabam da za mu kira taifus a nan. Ta biyu ɗafa-ƙeya ce, -oid, wadda ta fito daga kalmar Girkanci eidos, mai nufin siffa ko kama. Duk inda likitocin Turai suka liƙa wannan ɗafa-ƙeya, cewa suke yi abin ya ɗauko kamannin wani abu. Haka aka samu thyroid, sunan ƙullin nan na gaban wuya da kumburinsa ke zama maƙoƙo, domin Girkawa sun ga guringuntsin wurin ya yi kama da garkuwa.

Ke nan typhoid na nufin “mai kama da taifus”. Ta shiga Ingilishi wajen shekarar 1800, ana cewa zazzaɓi mai kama da taifus, ko yanayi mai kama da taifus. Sai bayan tsakiyar ƙarni na 19 aka saba da yar da kalmar zazzaɓi, sifar ta tsaya da ƙafarta ta zama suna. A haka ta iso Hausa ta bakin ma'aikatan asibiti, ba tare da wata alama da ke nuna cewa kwatance ce ba. Mutumin Babura da ya tsallaka iyaka zuwa Magariya ko Damagaram zai tarar da ita a can cikin lafazin Faransanci, tifoyid, Larabawa kuma suna cewa tifud. Duk tushe ɗaya ne.

Daga hayaƙi zuwa magagi

Ita kuma typhus daga Girkanci ta fito, daga kalmar tufos, mai nufin hayaƙi ko hazo. A rubuce-rubucen da ake danganta wa Hippocrates, likitan tsibirin Kos da ya rayu a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda littattafan ɗibbu na Larabci ke kira Abuƙraɗ, an yi amfani da kalmar wajen bayyana halin da mai zazzaɓi mai tsanani ke shiga: ya kwanta shame-shame, ido a buɗe amma ba ya gane mutane, yana sambatu, kamar hayaƙi ya turnuƙe masa tunani. Masana falsafar Girka sun ari wannan kalma suka kira girman kai da ruɗin kai da ita, don shi ma yana rufe wa mutum ido.

Masana tarihin harsuna sun bi sawunta baya fiye da haka. Da yawansu suna haɗa ta da wata tsohuwar saiwa ta dangin harsunan Indiya da Turai mai ma'anar ƙura ko hayaƙi, wadda daga gare ta aka samu fumus a Latin da dhuma a Sanskrit, duka biyun hayaƙi ne. Wasu sun ƙara da tuflos, makaho a Girkanci, da deaf, kurma a Ingilishi, bisa cewa dukkansu dushewar wata kafa ce ta ji ko gani. Akwai masu shakkar wasu daga cikin waɗannan alaƙoƙi. Akwai kuma wata muhawara da ta shafi Hausa kai tsaye. Girkawa suna da dodon guguwa a tatsuniyoyinsu mai suna Tufon, wasu kuma na ganin daga sunansa Larabci ya samu ɗufan, wadda ta ba mu ɗufana da muke faɗa a ruwan Ɗufana na zamanin Annabi Nuhu. Wasu masanan sun ce ɗufan kalmar Larabci ce ta asali, daga saiwar da ta ba da ɗawafi, wato kewayawa. Ba a tsaya a kan magana ɗaya ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne cewa tufos a wurin Girkawa yanayi ne da cututtuka da dama za su iya jefa mutum ciki. A tsakiyar ƙarni na 18 ne François Boissier de Sauvages, wani likita a birnin Montpellier na Faransa, ya mayar da typhus sunan cuta a cikin jadawalin cututtukan da ya tsara. Kafin nan ana kiran irin wannan zazzaɓi da sunan wurin da ya fi ɓarna: zazzaɓin kurkuku, zazzaɓin jirgin ruwa, zazzaɓin sansanin yaƙi. Shi ne ya taimaka wajen ragargaza rundunar Napoleon a Rasha a 1812.

Yadda aka raba cututtukan biyu

A asibitocin Paris na farkon ƙarni na 19, likitoci sun lura da wani zazzaɓi da ke kai mutum ga magagi irin na taifus, amma idan aka buɗe gawar wanda ya kashe sai a ga gyambo da kumburi a ƙarshen ƙaramin hanji. A 1829 Pierre Louis ya wallafa bincikensa a kan wannan zazzaɓi, ya kira shi typhoïde. Likitocin Ingila da yawa sun ɗauka cuta ɗaya ce mai fuska biyu, don su a wurinsu duka biyun suna yawo tare a unguwannin talakawa.

Wani ɗalibin Louis, Ba'amurke mai suna William Gerhard, ya koma Philadelphia ya tarar da annobar taifus a 1836. Ya ga hanjin waɗanda ta kashe lafiya lau yake, saɓanin abin da ya gani a Paris, ya kuma bayyana bambancin a 1837. William Jenner ya ƙarfafa wannan a Landan wajen 1850 bayan ya bi marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya. Sai William Budd, wanda ya fara aikin likita a wani ƙauye na Devon a Ingila, ya nuna cewa taifod daga bayan gidan mara lafiya take fita ta shiga ruwan sha. Littafinsa ya fito a 1873, a lokacin da manyan likitoci irin su Charles Murchison ke cewa warin magudanar ƙazanta ne ke haifar da ita.

Madubin ƙara girma ne ya raba gardamar. Karl Eberth ya hango ƙwayar a 1880, Georg Gaffky ya raine ta a ɗakin gwaji a 1884. Ita ce a yau ake kira Salmonella Typhi, sunan da aka samo daga Daniel Salmon, wani likitan dabbobi na Amurka. Taifus kuwa, Charles Nicolle ya tabbatar a Tunis a 1909 cewa ƙwarƙwatar tufafi ce ke yaɗa shi, kuma ƙwayarsa ba ta da dangantaka da ta taifod. Ɗaya ta baki take shiga, ɗaya ta fata. Wasu likitocin Ingila sun so a bar tsohon suna a koma cewa zazzaɓin hanji, don a huta da ruɗani, amma sabo ya rinjaye su. A Jamusanci ma abin ya juye: idan Bajamushe ya ce Typhus, taifod yake nufi.

Ga yadda cutar take. Ɗan Adam kaɗai ƙwayar ke kamawa. Tana shiga ta ruwa ko abinci da ya gurɓata da kashi ko fitsarin mai ɗauke da ita, ta yi mako ɗaya zuwa uku kafin ta bayyana. Zazzaɓin yana hauhawa sannu a hankali, da ciwon kai da kasala da rashin cin abinci da ciwon ciki, wani ya yi gudawa wani cikinsa ya ɗaure. Idan ba a yi magani ba, wajen mako na uku hanji na iya zubar da jini ko ya huje. Kafin a sami magani tana kashe mutum ɗaya zuwa biyu cikin goma, amma da maganin da ya dace a kan lokaci ba ta cika wuce ɗaya cikin ɗari ba. Kaɗan daga waɗanda suka warke, wajen biyu zuwa biyar cikin ɗari, ƙwayar kan maƙale musu a maɗaciya su riƙa yaɗa ta suna lafiya lau, kamar Mary Mallon, mai dafa abincin nan da aka gano a New York a 1907. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 9 suka kamu, wajen 110,000 suka mutu.

“Maleriya da taifod” ba sabon zance ba ne

Maleriya ƙwayarta dabam, sauro ke kawo ta, a cikin jini take rayuwa. Alphonse Laveran ya gano ta a Aljeriya a 1880, shekarar da Eberth ya ga ta taifod. Ɗaya ba ta rikiɗewa ta zama ɗaya, komai daɗewarta a jiki. Mutum na iya kamuwa da duka biyun a lokaci guda, musamman da damina, lokacin da sauro ya yi yawa kuma ruwan sama ke wanko ƙazanta zuwa rijiyoyi, amma hakan bai kai yawan yadda ake faɗa ba.

Amurka ta taɓa faɗawa wannan tarko. A 1862, lokacin yaƙin basasarta, wani likitan soja mai suna Joseph Woodward ya haɗa sunayen biyu ya ƙirƙiro zazzaɓin taifo-maleriya, kuma sunan ya karɓu shekara da shekaru, don yana sauƙaƙa wa likitan da bai tabbatar da abin da ke gabansa ba. A 1898, lokacin yaƙi da Sifen, sojojin Amurka fiye da 20,000 suka kamu da taifod a sansanonin horo na cikin gida, wajen 1,600 suka mutu. Kwamitin da Walter Reed ya jagoranta ya bi takardun asibiti ya gano cewa da yawa daga waɗanda aka rubuta wa maleriya ko taifo-maleriya taifod ce tsantsa ke damunsu. A can taifod ce ta ɓuya a bayan sunan maleriya. A nan, wasu cututtukan ne ke ɓuya a bayan sunan taifod.

Gwajin da ke bayan ruɗanin

Gwajin da aka fi yi a ƙananan ɗakunan gwaji na Najeriya sunansa Widal, daga Fernand Widal, likitan Faransa da ya fito da shi a 1896. Wannan gwaji ba ƙwayar cutar yake nema ba. Garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙar ta yake aunawa, shi ya sa sakamakon ke zuwa da lambobi irin 1:80 ko 1:160, waɗanda ke nuna iyakar yadda aka sirka jinin amma garkuwar ba ta daina aiki ba.

Matsalar a nan take. Wanda ya girma yana shan ruwan rijiya da na 'yan garuwa ya sha haɗuwa da wannan ƙwaya da danginta tun yana yaro, don haka garkuwar na iya kasancewa a jininsa ko yana cikin ƙoshin lafiya. Maleriya da wasu cututtuka kan tayar da ita ta hau. A ɗaya ɓangaren, wanda taifod ta kama a makon farko sau da yawa gwajin ba ya nuna komai, don jiki bai gama haɗa garkuwar ba. Ƙa'idar asali ita ce a ɗebi jini sau biyu, tazarar mako ɗaya zuwa biyu, a ga ko lambar ta ninka sau huɗu. Kusan babu mai yin haka, kuma da dalili: wa zai bar yaronsa cikin zazzaɓi kwana goma yana jiran gwaji na biyu? Bincike a Najeriya da Kamaru da Tanzaniya da Habasha ya sha nuna cewa Widal guda ɗaya yana ba mutane da yawa taifod ɗin da ba su da ita.

Gwajin da ke tabbatarwa shi ne a zuba jini a kwalba ta musamman a raini ƙwayar har ta tsiro a gane ta, a kuma gwada maganin da ke kashe ta. Yana ɗaukar kwanaki, yana buƙatar wutar lantarki da ba ta yankewa da ƙwararren ma'aikaci, kuma ko shi ɗin wajen rabin masu cutar ko ɗan fiye yake kamawa, musamman idan mutum ya riga ya sha magani a gida. Galibi a manyan asibitoci ake samunsa, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mutumin Kazaure Kano ta fi masa Dutse, babban birnin jiharsa, kusa, amma mai fitowa daga ƙauyukan Gwiwa ko Roni kuɗin mota kaɗai na iya fin kuɗin maganin da za a rubuta masa.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Masana ƙwayoyin cuta da dama suna ganin a daina Widal gaba ɗaya, don sakamakon da ba a iya dogara da shi ya fi rashin gwaji illa: yana sa likita ya daina neman ainihin abin da ke damun mara lafiya. Ma'aikatan da ke ƙananan asibitoci suna da tasu hujjar. Sun ce taifod gaskiya ce, sun ga yaran da aka kawo ciki ya kumbura hanji ya huje, kuma idan aka ƙwace musu gwajin da ke hannu ba a ba su wani ba, sai su koma kintace tsantsa. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Binciken da Farfesa Stephen Obaro da abokan aikinsa suka yi a kan jinin yara masu zazzaɓi a Abuja da Kano tsakanin 2008 da 2015 ya sami ƙwayar taifod cikin manyan ƙwayoyin da ke shiga jinin yara, kuma da yawa daga cikinta ta daina jin tsofaffin magunguna. Amma wannan binciken dai ya nuna cewa mafi yawan yaran da aka gwada ba ita ce a jininsu ba.

Akwai kuma matsin da ke zuwa daga mara lafiya. Wanda ya biya kuɗin gwaji yana so ya ji suna, kuma idan aka ce masa ba a ga komai ba sai ya ɗauka ba a iya aiki ba, ya nufi wani wurin. Taifod suna ne mai gamsarwa, yana zuwa da allura da ƙarin ruwa. A ganin mai wannan sharhi, gaskiya ta fi karkata ga masu sukar Widal, amma laifin bai kamata ya sauka a kan ma'aikacin da aka bari da shi kaɗai ba. Abin da za a iya yi tun yanzu shi ne a fara da gwajin maleriya na tsinke, wanda yake da sauƙi kuma amintacce, a dubi tsawon kwanakin zazzaɓin da alamun ciki, a daina ɗaukar lambar Widal ita kaɗai a matsayin hukunci.

Abin da ke biyo baya

Illa ta farko ita ce cutar da aka bari a baya. Zazzaɓin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa na iya zama tarin fuka, ko ciwon hanta, ko cutar mafitsara, ko zazzaɓin Lassa, ko kuma, a yanki mai makiyaya da yawa irin wannan, cutar da ake ɗauka daga nonon da ba a tafasa ba, wadda makiyaya ke kira bakkale. Wanda ake ta yi wa maganin taifod wata da watanni yana iya zuwa asibitin da ya dace bayan lokaci ya ƙure. Shawara ma haka: idan ido da fitsari sun yi rawaya, hanta ya kamata a fara dubawa.

Illa ta biyu ta shafi kowa. A 1948 aka fara warkar da taifod da kuloramfenikol. Bayan shekaru ƙwayar ta daina jin sa, ta daina jin amfisilin da Septrin, aka koma kan sifrofuloksasin, wanda a kemis ake cewa sifro, da allurar seftiriyazon. A 2016 wani nau'i ya ɓulla a lardin Sindh na Pakistan da ya bijire wa duk waɗannan, ya bar likitoci da zaɓi ƙalilan masu tsada. Kowane kwali na sifro da aka sha ba bisa buƙata ba, ko aka sha rabi aka ajiye, yana koya wa ƙwayoyin da ke cikin hanji yadda za su tsira daga gare shi.

Illa ta uku ita ce an ɗauke hankali daga ruwa. Wanda ya yarda cewa taifod ɗinsa ce ke tashi daga cikin jiki ba zai tambayi nisan da ke tsakanin masai da rijiyar gidansa ba, ko inda aka samo ƙanƙarar da ke cikin zoɓo da kunun aya, ko ruwan da aka wanke latas da shi. Biranen Turai da Amurka sun karya lagon taifod tun kafin a sami magani, da tace ruwa da zuba masa kulorin, wanda Jersey City ta fara yi a kai a kai a 1908. Jigawa ta ɗauki babban mataki a wannan fanni, domin a Oktoban 2022 aka ayyana ta jihar farko a Najeriya da ta kawar da bahaya a fili. Sai dai masai yana cika, ambaliya tana rushe shi, burtsatse yana lalacewa, kuma annobar kwalara ta 2021, wadda Jigawa na cikin jihohin da ta fi shafa, hanya ɗaya ta bi da taifod.

Akwai sabuwar allurar rigakafi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2017, wadda ake yi sau ɗaya tun yaro na wata shida. Pakistan ta shigar da ita cikin rigakafin yara a 2019, Laberiya da Zimbabuwe a 2021, Malawi a 2023. Kafin ƙasa ko jiha ta san yaran da za ta fara yi wa da yankin da ya fi buƙata, sai ta san yawan masu taifod ta gaskiya da wuraren da suke, kuma alƙaluman da aka tara daga Widal ba za su ba da wannan amsa ba. Ɗakin gwaji guda mai rainon ƙwayar cuta a babban asibiti ɗaya na wannan yanki, da hanyar kai masa jini daga Roni da Gwiwa da Babura, zai iya fara bayar da ita.